Yakubu Ma Ya Yi Golmo

Shafin Nazarin Littafi Mai Tsarki
Wuraren karatu: Farawa 29:15-30, 32:3-32, 33:1-11

Muna gaida fastoci da dattawan ikilisiya, da zumuntar mata, da matasa, da ƙungiyoyinmu na manoma da na adashe a Zuru, Dabai, Senchi, Ribah, Mahuta, Dirin Daji da sauran wuraren da wannan takarda take kaiwa. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa a karanta wuraren da muka rubuta a sama da murya kafin a shiga nazarin, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji labarin da kunnensu.

Abin da ya jawo wannan nazari ya faru ne wata rana da muke rabon hatsi ga 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauyukansu, a harabar wata majami'a a nan Zuru. Akwai wani dattijo zaune can gefe a gindin dogonyaro. Sunansa yana cikin takarda, an kira shi har sau uku, bai tashi ba. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, an kira sunanka.” Ya buɗe mana tafin hannunsa, duk kanta. Ya ce, “'Ya'yana, ku dubi hannun nan. Shekara bakwai na yi golmo a gonar surukina, ban taɓa fashi ba. Rumbu uku na baro a gida. Ni ne mai ba mutane iri. Yau ni zan shiga layi in miƙa buhu a auna mini mudu?” Ya yi shiru, sa'an nan ya ƙara da cewa, “Zakkata ban taɓa riƙe ta ba. Tubalin da aka gina majami'armu da shi, ni na fara bugawa. To, me na rage wa Allah?”

Ba mu da amsa a ranar. Mun san aikin auna hatsi da cika takarda, amma wannan tambaya ta fi ƙarfinmu. Tun daga lokacin muke juya ta, kuma ita ce ta kai mu ga labarin Yakubu.

Abin da golmo ya koya mana

Ga waɗanda ba Lelna ba a cikin masu karatu, golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinyar da zai aura. A al'ada yakan kai shekara bakwai. Samari sukan haɗu ƙungiya, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, tun da asuba, ba raki ba ƙorafi. Kafin yaro ya kai ga golmo ya riga ya sha kokawa a dandali. Wanda ya gama, duk gari ya san ya zama namiji, kuma lokacin Uhola bayan girbi ana ganinsa da kai a sama. Kakanninmu har a kan kaburburan manyan mutane sukan ajiye tukwane masu siffofi da mata suka gina, domin kowa ya san gwarzo ne yake kwance a nan.

Wannan tarbiyya ce ta sa aka san ƙasar Zuru da jimiri. Ita ce ta cika barikin soja da 'ya'yanmu, har aka samu irin su Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci sojojin ƙasa na Nijeriya daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Mai Martaba Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, wanda shi ma janar ne mai ritaya, ya rasu a watan Agusta 2025. Ba mu zo mu kushe golmo ba. Gaskiya ma, in muka dubi wasu samarin yau da ba su iya kai huɗa ƙarshen kunya ba tare da sun duba waya sau uku ba, mukan ce da ma a dawo da ko da rabinsa.

Amma akwai wani darasi da golmo yake shukawa a zuciya ba tare da an faɗa ba: abin da ka samu, guminka ne ya saya. In ka cika shekarunka, suruki ba shi da ikon hana ka mata. A tsakanin mutum da surukinsa wannan daidai ne. Damuwar ita ce, tun da masu bishara na UMS suka iso ƙasar nan a shekarun 1920, kimanin shekara ɗari ke nan, da yawanmu mun shigo da wannan lissafi cikin majami'a. Mun mai da Allah suruki. Muna zuwa sujada, muna ba da zakka, muna azumi, muna share majami'a, a can cikin zuciya kuma muna ƙirga shekaru, muna jiran ranar da za a biya mu. Tambayar Baba daga nan ta fito. Mu ma da muka durƙusa a gabansa, lissafin da ke cikinmu ke nan, sai dai namu ba a taɓa shi ba tukuna.

Mutumin da ya san dabara

Duk ɗan Zuru da ya karanta Farawa 29 zai ce wannan ai namu ne. Yakubu ya je wurin kawunsa Laban a Haran, ya ga Rahila, ba shi da abin biya, sai ya ɗauki aikin shekara bakwai. Da lokaci ya cika aka kai masa Lai'atu da dare. Ya sake ɗaukar wasu bakwai saboda Rahila, ya ƙara shida domin ya samu garken kansa. Shekara 20 ke nan. A Farawa 31:38-41 shi da bakinsa ya lissafta wahalar: zafin rana, sanyin dare, rashin barci, biyan dabbar da naman jeji ya kashe, ga kuma Laban da ya sauya masa lada har sau goma. Ba rago ba ne. A gayyar noma, Yakubu ne zai riƙe kunyar gaba.

Sai mu koma baya kaɗan mu ga irin mutumin. Tun yana ciki, Allah ya riga ya gaya wa uwarsa Rifkatu cewa babban zai yi wa ƙaramin biyayya (Farawa 25:23). Wato albarkar nan an riga an yi masa alkawarinta tun bai san komai ba, tun bai yi wani aiki mai kyau ko marar kyau ba. Duk da haka bai iya jira ba. Ya fito riƙe da diddigen wansa. Ya saye matsayin ɗan fari da kwanon fate ranar da Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa. Ya ɗaura fatar akuya a hannu da wuya ya ruɗi mahaifinsa Ishaku da idonsa ya dushe. Abin da za a ba shi kyauta, ya bi ta taga ya sace. Kuma me dabarar ta saya masa? Gudun hijira, da gabar ɗan'uwa ta shekara 20, da rabuwa da uwar da ta fi ƙaunarsa, don Littafi bai nuna mana sun sake ganin juna ba.

Ko da Allah ya bayyana gare shi a Betel ya yi masa alkawari ba tare da wani sharaɗi ba, sai Yakubu ya tashi da safe ya mai da maganar ciniki: in an tsare shi, in an ba shi ci da sutura, in an dawo da shi lafiya, to zai ba da kashi ɗaya cikin goma (Farawa 28:20-22). Mu lura da kyau, shi ne ya kawo “in”, ba Allah ba. A gidan Laban ma ya fere sanduna ya jera a wurin shan ruwan dabbobi don su haifi masu dabbare-dabbare, amma daga baya aka nuna masa cikin mafarki cewa Allah ne ya ga zaluncin Laban ya juyo da garken wajensa (Farawa 31:10-13). Yana can yana ta fama da sandunansa, ashe wani hannu ne yake aikin. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu. Yakubu ya yi zafin nema, ya kuma samu, shi ya sa ya daɗe bai gane daga ina samun yake zuwa ba. Wannan ya fi haɗari, domin wanda dabararsa take ci ba ya ganin dalilin da zai sake ta.

Daren Yabbok

Yanzu ga shi a hanyar gida da mata da 'ya'ya da dukiya, sai aka kawo masa labari Isuwa yana tafe da mutum 400. Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar a fassara musu wannan tsoro. Mun san yadda ciki yake ɗurar ruwa in aka ce an ga babura sun ƙetaro rafi.

Dubi abin da ya yi. Ya raba jama'arsa kashi biyu, don in an faɗa wa ɗaya, ɗayan ya tsira. Ya yi addu'a, kuma addu'a ce mai kyau ƙwarai, wadda a cikinta ya yarda bai cancanci ko kaɗan daga alherin da aka yi masa ba, ya tuna da sanda kaɗai ya haye Urdun. Amma da ya ce amin sai ya koma lissafi. Ya ware awaki 220, tumaki 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30. Dabbobi 550 ke nan ban da 'yan raƙuman. Ya jera su garke garke da rata a tsakani, ya koya wa kowane bawa abin da zai faɗa, don kafin Isuwa ya iso zuciyarsa ta yi sanyi. Golmo ne kuma, wannan karon na sayen gafara. Da dare ya haye da iyalinsa rafin Yabbok, ya aika da duk abin da ya mallaka. Ya rage shi kaɗai.

A nan ne wani ya kama shi da kokawa har gabannin asuba. Waɗanda suka yi kokawa a dandali sun san ƙarfin ɗan kokawa a ƙugu da cinya yake. Ko hannunka ya kai na wa, in ƙugu ya saki, ka faɗi. Wurin nan ne aka taɓa Yakubu, kwatangwalonsa ya goce. Da taɓawa ɗaya, wanda ya nuna tun farkon dare ana iya kayar da shi, haƙuri kawai ake yi da shi. Amma bai saki ba. Sai dai riƙon ya sake kama. Da farko riƙon mai son ya kayar ne, yanzu kuwa riƙon wanda in ya saki zai zube ƙasa. A cikin wannan hali ne ya nace a sa masa albarka. Karon farko a rayuwarsa da ya nemi albarka ba da fate ba, ba da fatar akuya ba, ba da shekarun aiki ba. Ya roƙa ne kawai.

Kafin a ba shi, an tambaye shi sunansa. Wannan wuri ya daɗe yana taɓa mu. Shekara 20 da suka wuce mahaifinsa ya yi masa irin wannan tambaya, ya ce shi Isuwa ne. Yau ba fatar da zai ɓuya a ciki. Ya faɗi sunansa na gaskiya, sunan da yake ɗauke da ma'anar mai riƙe diddige, mai yi wa wani ƙafa. Da ya amsa sunan ne aka ba shi sabo, Isra'ila. Ya kira wurin Feniyel. Rana ta fito masa yana ɗingishi.

A Hausa kalmar “dogara” asalinta ta mai sanda ce. Gurgu ko tsoho shi ne yake dogara sanda, ya sakar mata nauyinsa. Mai lafiyar ƙafa yakan riƙe sanda don ado ko don korar kare, amma nauyinsa yana kan ƙafafunsa. Muna ganin an rubuta “Dogaro ga Allah jari” a jikin manyan motoci, mu ma muna faɗa, amma da yawanmu riƙon ado muke yi wa Allah. Ibraniyawa 11:21 ya nuna mana Yakubu a ƙarshen kwanakinsa yana sujada jingine da kan sandarsa. Cikin dukan abin da mutumin nan ya yi, wannan hoton ne aka zaɓa a ajiye a matsayin shaidar bangaskiyarsa.

Da safe kuma me ya faru? Mutumin da ya tura kowa gaba ya tsaya a baya, yanzu shi ne ya wuce gaban iyalinsa, yana ɗingishi, yana rusunawa har sau bakwai. Isuwa ya sheƙo da gudu ya rungume shi, suka yi kuka. Da aka zo batun dabbobin, Isuwa ya ce yana da abin da ya ishe shi, sai da aka matsa masa ya karɓa. Dabbobi 550 ba su ne suka sayi wannan runguma ba.

Namu Yabbok ɗin

Shekarun nan ƙasar Zuru ta sha taɓawa a ƙugu. A ranar 3 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyuka a Danko/Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. A watan Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu, zaratan maza da suka fita kare gidajensu. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kashe mataimakin shugaban makaranta aka kwashe ɗalibai 25. Mun gode wa Allah da suka dawo. Wanda bindiga ba ta kore shi daga gona ba, kasuwa ta taɓa shi. Takin zamani ya yi tsada tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara kuɗin kai kaya kasuwa, sa'an nan a 2025 farashin masara da dawa ya faɗi, manomi ya sayi taki da tsada ya sayar da hatsi da araha.

A nan dole mu taka a hankali. Ba mu ce Allah ne ya aiko 'yan bindiga don ya koya mana darasi ba. Mugunta mugunta ce, kuma masu yin ta za su ba da lissafi. Ba mu kuma ce waɗanda aka kashe sun kasa mu bangaskiya ba. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi da kansa ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya kuma ƙi yarda a ce sun fi sauran mutane zunubi (Luka 13:1-5). Duk mai wa'azin da ya tsaya gaban gwauruwa ya ce mata da mijinta ya yi addu'a sosai da bai mutu ba, bai san Littafin da yake riƙe da shi ba. Abin da muke cewa shi ne, wahala takan tona inda nauyinmu yake. Ranar da rumbu uku suka tafi ne mutum yake sanin ko a kan rumbun yake tsaye.

Mu ma'aikatan wannan hukuma ba za mu nuna wasu da yatsa mu bar kanmu ba. Muna da tsarin aiki na shekara uku, da kasafin kuɗi, da abokan taimako a ƙasashen waje da muka saba jin saƙonsu a kan lokaci. Addu'ar safe a ofis ta koma ta minti biyar, wani ma yana yi yana kallon agogo don direba yana jira. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma girgizar ta taɓa har ƙungiyoyin da ba daga can suke karɓa ba, domin kowa ya koma neman ɗan abin da ya rage. Da wasiƙa ta zo mana cewa za a rage abin da ake aiko mana, abin da Yakubu ya yi shi muka yi. Muka yi addu'a a gurguje, muka zauna muna tura takardun neman tallafi ɗaya bayan ɗaya kamar garkunan nan. Har aka kawo shawara mu ƙara yawan mutanen da muke taimako a cikin rahoto don takardarmu ta yi nauyi. Ba mu yi ba. Amma mun daɗe muna juya maganar kafin mu ƙi, kuma daɗewar nan ita ce ta nuna mana halinmu. Fatar akuya ce muka ɗauka muna gwadawa a hannu.

Abin da ya biyo baya ba labarin mamaki ba ne irin na shaidar da ake tafa wa. Mun rufe wasu ayyuka, kuma akwai ƙauyukan da muka yi wa alkawari muka koma muka ba su haƙuri. Amma a baikon godiyar kaka, ikilisiyoyin da muka saba ɗauka a matsayin masu karɓa kawai suka kawo dawa da masara da wake, mudu mudu, matan zumunta a gaba. Daga cikin hatsin nan ne aka auna abin da muke rabawa. Bai kai abin da muka rasa ba. Har yanzu muna ɗingishi. Sai dai addu'ar safe ta daina zama ta minti biyar, kuma ba wanda ya kafa doka a kan haka.

Shin sai mu ajiye garma?

Mun san wani zai ce, to in haka ne mu zauna mu naɗe hannu. Wani ma zai kawo maganar nan da ake yawan faɗa, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma in aka bi ta sosai, gurgu da gwauruwa da ɗan gudun hijira sun shiga uku, tun da su ne ba su iya tashi. Bishara ta ce tun muna marasa ƙarfi Kristi ya mutu dominmu (Romawa 5:6-8). Afisawa 2:8-10 ya jera abin daki-daki: ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya, sa'an nan ayyuka nagari su biyo baya, waɗanda Allah ya riga ya shirya mana. Ɗa ma yana noma a gonar ubansa, har ya fi ɗan golmo sammako, amma ba ya ƙirga shekaru, domin ba gado yake saye ba. Babban ɗa a misalin Luka 15 a nan ya yi kuskure: yana cikin gida, komai na uban nasa ne, amma yana lissafin shekarun bautarsa kamar baƙo.

Don haka garma tana nan. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada a ciyar da shi, kuma ya ce ya fi sauran manzanni wahala, amma nan take ya mai da yabon ga alherin Allah da ke tare da shi (1 Korantiyawa 15:10). Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). A nemi iri mai kyau, a yi shuka a kan kari, a tara takin gargajiya tun da rani, a cire ƙuduji kafin ya yi fure, a duba masara saboda tsutsa. In an ce a bar ƙauye, a bari. Zama a bakin wuta da sunan bangaskiya gwada Allah ne.

To ta yaya mutum zai san inda nauyinsa yake, tun da mai dogara da marar dogara duk suna cikin gona ɗaya suna zufa iri ɗaya? Mun ga alamu biyu. Ta farko barci. Yakubu ya ce shekara 20 barci ya ƙaurace masa. Manomin da Yesu ya ba da misalinsa a Markus 4:26-29 kuwa ya yafa iri, ya kwanta da dare ya tashi da rana, iri ya tsiro ya yi girma bai san ta yaya ba. Ya yi nasa, ya bar abin da ba nasa ba. Ba wanda ya taɓa jawo dawa da hannu ta yi tsawo. Ta biyu kuma, wadda ta fi tsanani, ita ce abin da muke miƙa hannu mu ɗauka ranar da hanyar gaskiya ta toshe. Akwai matasanmu masu waƙa a ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi, amma a ƙugunsu akwai guru da layar maganin bindiga. Akwai wanda yake rubuta sunansa sau biyu a takardar rabo, ɗaya da sunan baftisma ɗaya da na gida, alhali gwauruwa tana ƙarshen layi hatsi ya ƙare kafin a kai gare ta. Akwai mai jiƙa hatsi ko ya zuba tsakuwa a gindin buhu. Ba duka ne mugaye ba, yawancinsu tsoro ne. Sun yi addu'a, amma ba su yarda an ji ba, sai suka ce bari su taimaki Allah.

Shugabannin ƙungiya, in kun kai nan ku tsaya ku bar mutane su yi magana. Ku tambaya: wane abu ne in aka ɗauke mana shi yau za mu ce Allah ya ci amanarmu? Wace fatar akuya ce muka fi saurin ɗaurawa a wannan ƙungiya? Kada shugaba ya yi saurin ba da amsa, kuma kada a kama sunan kowa. In akwai wanda ya rasa nasa a cikin hare-haren nan, a bar shi ya yi kuka in kukan ya zo, a yi addu'a tare da shi, a ajiye sauran tambayoyin sai wani mako.

Baba bai karɓi hatsi a ranar nan ba. Da yamma muka ɗauki rabonsa muka kai masa ɗakin da wani ɗan'uwa ya sauke shi, kuma tun daga lokacin muka daina sa dattawa a layi, abin da ya kamata mu gane tun farko. Ya dubi buhun ya daɗe, sa'an nan ya ce wa matarsa ta shigar da shi. Mun koma wurinsa sau da yawa, muka karanta masa labarin Yakubu da Hausa, jikansa yana juya masa wuraren da suka yi wuya da C'lela. Da aka zo wurin kokawa ya sa aka maimaita masa sau biyu. Bai ce mana tambayarsa ta sami amsa ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Ƙauyensu har yanzu ba ya shiguwa, kuma bai san abin da ya sami rumbunansa ba.

Da damina ta matso shi da kansa ya zo ofis, ya faɗi sunansa a rubuta shi cikin masu karɓar iri. Wani dattijon ikilisiya ya ara masa 'yar gona a bayan gari. Bayansa ba ya barinsa ya daɗe a duƙe yanzu, don haka matasan zumunta ne suke yi masa huɗa, shi kuma yana bin su da sanda yana nuna musu inda kunya ta karkace. Ya aiko a gaya wa matasan cewa aikin ranar Asabar yana nan, kowa ya zo da garmarsa, kuma a zo kafin rana ta fito.